Shaidar Mai Gajeren Kwana: Juyin Kwak Ƙoli da Abin da Yake Bar wa Magadansa

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwanmu, ɗalibin aji uku a sashen fiziks, ya gabatar a taron ɗalibai 'yan Ikara da Makarfi da Kudan lokacin hutun ƙarshen zango. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi.



Da farko ina miƙa godiyata ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga ya dace in tsaya a gabanku, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni shekaru da ilmi a cikin wannan ɗaki. Ranar da magatakarda ya tambaye ni kan maganar da zan yi, na ce masa a kan juyin wata ƙwaya ce mai suna kwak. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, da Hausa fa aka ce za a yi." Na ce na ji. To, yau ga ni ga ku, ku ne alƙalai.

Akwai dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana. A hutun bara ina taya kawuna ɗaurin rake, sai ya tambaye ni, "Kai wannan karatu naka, abin da kuke karantawa ana ganinsa da ido?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "Ana sayar da shi a kasuwar Makarfi?" Na ce a'a. Ya ce, "To, me za ka ci da shi?" Ran nan ban sami amsa ba, na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗauri. Na kuma san akwai ƙannenmu da dama a nan da irin wannan tambaya ta kora daga ajin kimiyya. Saboda haka wannan jawabi amsa ce ga Kawu, ko da yake ta makara da shekara guda.

Daga sandar rake zuwa kwak

Ɗauki sandar rake ka matse ta, ka dafa ruwan ya zama mazarƙwaila, ka ɓalli ɗan ƙiris ka yi ta rabawa. A ƙarshe za ka isa ga ƙwayar sukari guda, wadda in ka sake raba ta ta tashi daga sukari. Wannan ƙwaya an gina ta ne da zarra 45, watau 12 na kabon, 22 na haidirojin, 11 na oksijin. Kowace zarra kuma tana da cibiya, inda furoton da nutiron suke dunƙule, ilektiron na kewaye da su.

A shekarar 1964 wasu masana biyu, Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa da nasa aikin, suka ce furoton da nutiron su ma ba su ne ƙarshe ba, akwai ƙananan ƙwayoyi a cikinsu. Gell-Mann ne ya raɗa musu suna kwak. Furoton yana da kwak biyu masu laƙabin na sama da ɗaya mai laƙabin na ƙasa. Nutiron kuwa na sama ɗaya, na ƙasa biyu. Ashe ke nan raken da mai raken da jakin da ya ɗauko raken, duk abu uku aka harhaɗa aka yi su: kwak na sama, kwak na ƙasa, da ilektiron.

Amma zuriyar kwak ba ta tsaya nan ba. Su shida ne, ɗaki uku, kowane ɗaki biyu. 'Yan ɗaki na biyu da na uku sun fi nauyi, ba su kuma daɗewa sai su wargaje. A 1973 wasu masana biyu 'yan Japan, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa, suka nuna da lissafi cewa akwai bukatar ɗaki na uku, tun ba a ga ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba. A 1977 aka gano na farko a cibiyar bincike ta Fermilab kusa da Shikago a Amurka, shi ne zan kira kwak gindi. Ɗan'uwansa kuwa, wanda Turawa ke ce wa top, ni kuma zan kira shi kwak ƙoli, sai da aka shekara 18 ana farautarsa. Ranar 2 ga Maris 1995 ƙungiyoyin bincike biyu na Fermilab, CDF da D0, suka ba da sanarwar sun same shi.

Abin da ya sa ya yi wuyar kamawa shi ne nauyinsa. Ya kai nauyin furoton wajen 184, watau shi kaɗai ya yi kusan daidai da zarra sukutum ta ƙarfen tangistin, wanda ake yin zaren ƙwan lantarki irin na da da shi. Duk cikin ƙwayoyin asali da aka sani babu wadda ta kai shi nauyi.

Mene ne juyi?

Duk wanda ya tashi a gaban kakarsa tana kaɗi ya san mazari. Ana murza shi ya yi ta juyawa a kan tsininsa, ko dama ko hagu, har ƙarfinsa ya ƙare ya kwanta. Haka katantanwar da muka yi wasa da ita muna yara. Ƙananan ƙwayoyin nan su ma suna da wata ɗabi'a mai kama da wannan, ita ce nake kira juyi. Sai dai kamar da wane ba ta wane ba ce, akwai bambanci biyu. Na ɗaya, babu wanda ya murza ƙwayar, kuma juyinta ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, halittarta ce kamar nauyinta. Na biyu, mazari yana iya karkata kowace fuska kaɗan ko da yawa, amma in ka auna juyin ilektiron ko na kwak ta kowace fuska ka zaɓa, amsa biyu kaɗai za ka samu: ko ya bi fuskar, ko ya ba ta baya. Babu tsaka-tsaki.

An fara ganin wannan ne a 1922 a birnin Farankfot na Jamus, inda Otto Stern da Walther Gerlach suka tura zarrar azurfa ta tsakanin maganaɗisu. In da juyinsu irin na mazari ne, da sun bazu ko'ina a jikin allon da aka tare su da shi. Sai ga shi sun rabu gida biyu rak. A 1925 wasu samari biyu a Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, George Uhlenbeck mai shekara 24 da Samuel Goudsmit mai shekara 23, suka kawo ra'ayin cewa ilektiron yana da juyi na kansa. Da wani babban malami ya nuna musu matsalar da ke cikin ra'ayin, suka so janye takardarsu, sai malaminsu Paul Ehrenfest ya shaida musu ai ya riga ya aika da ita, kuma ƙuruciyarsu ta isa ta ɗauke musu nauyin wauta. Ashe ba wauta ba ce. Ina so ƙannenmu su lura da shekarun waɗannan mutane, sa'o'inmu ne.

Kada a ɗauka juyi ƙaramin al'amari ne. Shi ne asalin ƙarfin maganaɗisu. Da shi ne kuma ƙa'idar Wolfgang Pauli ta 1925 take aiki, wadda ta hana ilektiron biyu zama a hali ɗaya cikin zarra. Ba don wannan ƙa'ida ba, da babu bambanci irin wanda muka sani tsakanin gishiri da sukari, da kujerun da kuke zaune a kai ba su ɗauke ku ba.

Mai gajeren kwana

Yanzu ga matsalar. Auna juyin ilektiron abu ne mai yiwuwa, domin yana yawo shi kaɗai. Kwak kuwa ba a taɓa ganinsa shi kaɗai ba. Akwai wani ƙarfi da ake kira ƙaƙƙarfan ƙarfi, wanda wasu ƙwayoyi masu suna gulon ke ɗauke da shi, suna aiki kamar danƙo. Da zarar an haifi kwak, nan take wannan danƙo zai haɗa shi da wasu 'yan'uwansa su dunƙule. Da ya shiga cikin dunƙulen, juyinsa na asali sai ya cakuɗe da na abokan zamansa. Kamar labarin farashi ne da ya bi ta bakin dillali uku: kafin ya iso gare ka, ba ka san abin da manomi ya faɗa a gona ba.

Kwak biyar duk haka suke. Kwak ƙoli ne kaɗai ya fita zakka, kuma nauyinsa ne ya fisshe shi, domin tsananin nauyin nan ya sa kwanansa ya gajarta ƙwarai. In kana so ka rubuta tsawon ransa da daƙiƙa, sai ka rubuta sifiri, ka sa ɗigo, ka jera sifiri 24, sa'an nan ka rubuta 5. Bari in kwatanta. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya da biliyan 13.8. To, yawan rayuwar kwak ƙoli da za a jera cikin daƙiƙa guda ya ninka yawan daƙiƙoƙin da ke cikin waɗannan shekaru duka fiye da sau miliyan huɗu. Haske ma, da ba abin da ya kai shi gudu, ba ya ƙetare faɗin furoton guda kafin kwak ƙoli ya mutu.

Shi kuwa danƙon nan yana bukatar lokacin da ya ninka wannan wajen sau shida kafin ya gama ɗaurinsa, cakuɗa juyi kuma ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba. Saboda haka kwak ƙoli yana mutuwa ne juyinsa na nan yadda aka haife shi da shi, ya bar shi gado ga ƙwayoyin da suka fito daga jikinsa. Mai shaida ne da ya faɗi abin da ya gani tun kafin wani ya sami damar raɗa masa magana a kunne. Wannan ita ce ƙashin bayan jawabina: gajartar kwanansa ita ce ta ba shaidarsa daraja, domin ta wurinsa kaɗai muke leƙa halin kwak tsirara.

Inda ake gwara su

Tun da babu kwak ƙoli a gona ko a dutse, tilas sai an ƙirƙire shi. Albert Einstein ya nuna tun 1905 cewa ƙarfi da nauyi abu ɗaya ne, ana iya canja wannan ya koma wancan. Don haka ake gina na'urar gwara ƙwayoyi, a kora furoton da gudu kusa da na haske, a haɗa su karo, ƙarfin karon ya rikiɗe ya zama sababbin ƙwayoyi masu nauyi.

Na'urar Fermilab, mai suna Tevatron, zobe ce mai kewayen kilomita 6 da ɗoriya, tana gwara furoton da kishiyarsa. Kowace ƙwaya tana da kishiya, mai nauyi daidai da nata amma cajin lantarkinsu akasin juna. An rufe Tevatron a Satumba 2011. Wadda ta gaje ta ita ce LHC ta cibiyar CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954 kusa da birnin Janeba, a kan iyakar Faransa da Suwizalan. Kewayenta kilomita 27, a cikin rami mai zurfin mita 100 ko kusa da haka. Mai tafiya a ƙasa sai ya yi fiye da sa'a biyar kafin ya zagaye ta, amma furoton yana zagaye ta fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda. Manyan maganaɗisu 1,232 ne ke lanƙwasa masa hanya, an sanyaya su har digiri 271 ƙasa da sifiri.

A wuraren da ake karon an kafa manyan na'urorin gani. Biyu daga ciki su ne ATLAS, mai tsawon mita 46 da nauyin tan 7,000, da CMS mai nauyin tan 14,000. Galibi akan haifi kwak ƙoli tagwaye ne, shi da kishiyarsa. Daga 2015 zuwa 2018 an haifi irin waɗannan tagwaye fiye da miliyan 100 a cikin kowace ɗaya daga na'urorin nan biyu. Abin da aka shekara 18 ana nema ya zama ana ɗibarsa da mudu.

Ƙaiƙayi ke nuna iska

To, yaya ake karanta juyin abin da ya mutu tun kafin ya motsa daga inda aka haife shi? Ta wurin magadansa. Kusan kullum kwak ƙoli yakan rabu gida biyu: kwak gindi da wata ƙwaya mai suna W. Ita ma W nan take take wargajewa, wani lokaci ta ba da kwak biyu, wani lokaci kuma ta ba da kishiyar ilektiron ko ta miyuwon, tare da nutirino. Miyuwon yayan ilektiron ne, ya ninka shi nauyi wajen sau 207. Nutirino kuwa ba ya barin sawu a na'ura, sai dai a gane ya wuce ta wurin giɓin da ya bari a lissafi, kamar yadda mai sito ke gane buhu ya fita in ya ƙirga ya ga saura.

Ƙarfin da ke gudanar da wannan rabo shi ake kira rarraunan ƙarfi, kuma yana da wata ɗabi'a ta ban mamaki: bahago ne, yana bambanta dama da hagu. Wata masaniya haifaffiyar ƙasar Sin, Chien-Shiung Wu, ita ta tabbatar da haka a Amurka a farkon 1957. Ta jera juyin cibiyoyin zarrar kobal-60 fuska ɗaya, sai ta ga ilektiron da ke fita daga cikinsu sun fi son fita ta fuskar da ta ba juyin baya. Kafin wannan gwaji, an ɗauka dokokin halitta ba su san dama da hagu ba.

Wannan bahagwanci shi ne mabuɗi. Saboda shi, kishiyar ilektiron ko ta miyuwon da ta fito daga zuriyar kwak ƙoli ta fi son tashi ta fuskar da juyin kakanta yake nunawa, kuma da ƙyar take tashi ta bayansa sosai. Na ce ta fi so, ban ce tilas ba. Ƙwaya ɗaya ba ta gaya maka kome. Ku tuna iyayenmu mata suna sheƙar dawa a bakin masussuka. In ka bi ƙaiƙayi ɗaya da ido, yana iya faɗuwa ko'ina. Amma in aka gama sheƙa ka ga inda ƙaiƙayi ya taru, ka san inda iska ta dosa, ko da ba ka nan lokacin da ta kaɗa. Haka masana ke yi: su tara dubban ɗaruruwan mutuwar kwak ƙoli, su auna kusurwar da kowane magaji ya bi, tarin ya nuna musu juyin.

Ta irin wannan awo aka jarraba juyin ita kanta W. Lissafi ya ce a cikin kowace 100 da ke fitowa daga kwak ƙoli, wajen 69 juyinsu ba ya bin hanyar tafiyarsu ba ya kuma saɓa mata, wajen 31 bahagwai ne, na dama kuwa ba su kai ko ɗaya ba. Da aka auna a Tevatron da LHC, awo ya yi daidai da lissafi. Da a ce ya saɓa, da alama ce ta wani sabon ƙarfi ko wata ɓoyayyar ƙwaya. Abin da ake farauta ke nan a duk wannan aiki.

Tagwaye masu sarƙaƙiya

Na ce akan haifi kwak ƙoli da kishiyarsa tare. Tambaya ita ce, juyin wannan yana da dangantaka da na wancan? A 2012 ƙungiyar D0 ta ga alamar haka, ATLAS kuma ta tabbatar da ita a shekarar. Amma akwai dangantakar da ta fi wannan zurfi, wadda zan kira sarƙaƙiya.

In ka ɗauki takalmi ƙafa biyu ka rufe ido ka aika ɗaya Ikara ɗaya Hunƙuyi, wanda ya buɗe nasa ya ga na dama ya san ɗayan na hagu ne. Babu abin mamaki, domin tun daga gida kowanne ya san ƙafarsa. Sarƙaƙiya ba haka take ba. Ƙwayoyin biyu babu wadda take da tsayayyar fuskar juyi tata ta kanta kafin a auna, amma duk fuskar da ka zaɓa ka auna su, gabas ko arewa ko sama, amsoshinsu za su fito a ɗaure da juna. Abin da yake tsayayye shi ne dangantakar. Wannan ya dami Einstein, har a 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka rubuta cewa lalle akwai abin da ya rage a wannan ilmi. A 1964 John Bell, ma'aikacin CERN, ya nuna yadda gwaji zai raba gardamar. Gwaje-gwajen da aka yi da ƙwayoyin haske sun nuna sarƙaƙiya gaskiya ce, kuma a kansu aka ba John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022.

Wasu masana biyu, Yoav Afik da Juan Ramón Muñoz de Nova, su suka nuna yadda za a nemi sarƙaƙiya a tagwayen kwak ƙoli. In gulon biyu suka yi karo da ƙarfin da bai wuce na haihuwar tagwayen da yawa ba, akan haife su kusan a tsaye, juyinsu na saɓa wa juna ta kowace fuska. Magajin kwak ƙoli yana bin juyin kakansa, magajin kishiyarsa kuwa yana ba juyin nasa kakan baya. Saɓani biyu sun haɗu, saboda haka magadan biyu sai su fi son fuskantar wuri ɗaya. Daga matsakaicin kusurwar da ke tsakaninsu ake fid da wata lamba mai suna D. In ta sauka ƙasa da kimanin -0.33, to, misalin takalmi ba zai iya bayyana ta ba. A Satumba 2023 ATLAS ta ba da sanarwar sakamakonta, aka buga shi a mujallar Nature a 2024: D ta kai wajen -0.54. CMS ta tabbatar da haka a 2024. Wannan ne karo na farko da aka ga sarƙaƙiya tsakanin kwak da kwak, kuma a ƙarfin da ya ninka na gwaje-gwajen da aka saba kamar sau miliyan miliyan. Sai dai kada wani ya fita ya ce na ce ana aika saƙo da ita. Ba a iyawa, domin babu mai ikon zaɓar amsar da za ta fito.

Daɗin daɗawa, awon juyin nan ya tono wani abu. A 2025 CMS ta ba da rahoton cewa tagwayen da ake haifa kusan a tsaye sun fi yawan da aka zata, ATLAS ma ta ga haka a shekarar. Bayanin da ya fi dacewa shi ne wasu tagwayen sukan ɗan riƙe hannun juna na ɗan ƙiris kafin su mutu, abin da aka daɗe ana zaton ba za a iya ganinsa a irin wannan na'ura ba.

Mu fa, ina namu?

Wani zai ce duk wannan labarin Janeba ne. To, mu dawo gida. A nan Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, ta farko a Nijeriya. Ƙasar Sin ce ta ƙera ta, ƙarfinta wajen kilowat 30, ta fara aiki a Fabrairu 2004, aka kuma canja mata makamashi zuwa yuraniyam marar haɗari sosai a 2018. Akan sa ɗan samfurin ƙasar gona ko dutse ko abinci a ciki, nutiron ya shige cibiyoyin zarrarsa, daga hasken da suke fitarwa a gane sinadaran da ke ciki. Da yawa daga waɗannan cibiyoyi suna wargajewa ne ta hanyar da kwak na ƙasa ke rikiɗewa ya koma na sama, kuma ƙwayar W ce dillaliyar wannan canji. Watau bahagon ƙarfin nan da ke kashe kwak ƙoli a Janeba shi ne ke aiki a Samaru. Ban da haka kuma, miyuwon ɗin da ATLAS ke ƙirgawa yana zubo mana daga sama dare da rana. Kusan kowace daƙiƙa ɗaya yana ratsa tafin hannunka, ko kana Paki ko kana Gubuchi.

Sauran 'yan Afirka kuwa ba su tsaya kallo ba. Maroko ta shiga ATLAS tun 1996, Afirka ta Kudu ma tana ciki, Masar tana cikin CMS. Wani masani ɗan Togo, Ketevi Assamagan, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar fiziks ta Afirka, wadda ta fara zama a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta je Dakar a 2014. Tun 2014 kuma CERN take sakin bayanan karo kyauta a intanet. Duk mai kwamfuta da lissafi da haƙuri yana iya zama a ɗakinsa ya ƙirga kusurwoyin nan da kansa. Abin da ya raba mu da wannan aiki ba teku ba ce, lissafin aji huɗu na sakandare ne. Ni kaina makarantar da na yi mun shekara guda cur babu malamin fiziks, mu 40 muka fara ajin kimiyya, mu 6 muka zauna jarrabawa.

Yanzu amsar Kawu. Gaskiya ɗaya ce, kwak ƙoli ba zai ƙara wa ɗaurin rake ko sisi ba, wanda duk ya ce zai ƙara ya yi ƙarya. Amma da aka gano juyi a 1925 ba wanda ya san amfaninsa. Bayan shekara 50 da 'yan kai sai ga na'urar MRI a asibitoci, tana ɗaukar hoton cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba, kuma juyin furoton ɗin da ke cikin ruwan jikinsa take karantawa. Shafukan intanet da muke buɗewa a wayoyinmu, Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarinsu a CERN a 1989 don masu wannan bincike su riƙa musayar takardu. Wanda ya dasa giginya ba lalle ne shi zai sha 'ya'yanta ba. Na biyu, sana'ar da nake koyo ita ce awo: yadda za a tsamo gaskiya daga tarin hayaniya, a kuma san iyakar kuskuren da ke cikinta. Ƙasar da ba ta da masu awo, wasu ne za su auna mata ƙasar gonarta da takinta da ruwan shanta, su faɗa mata abin da suka ga dama.

Kammalawa

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na ɗaya, kowane babban hutu mu da muke karatun kimiyya mu rarrabu cikin ƙananan hukumomin nan uku, mu koya wa ƙannenmu lissafi da fiziks kyauta, 'yan mata da samari. Na biyu, a naɗa ɗan kwamiti na ɗaliban kimiyya da na sashen Hausa su zauna su daidaita mana kalmomi. Kwak ƙoli da juyi da sarƙaƙiya da kuka ji yau ƙirata ce, in akwai waɗanda suka fi su, a kawo, ba ni da ja. Na uku, shugabanni su rubuta wa cibiyar makamashi ta Zariya su nemi izinin kai ɗaliban sakandare ziyara, domin gani ya kori ji.

Kwak ƙoli bai daɗe ba, amma abin da ya zo da shi bai ɓata ba kafin ya miƙa shi ga na bayansa. Mu ma zamanmu a jami'a shekara huɗu ne kacal, kuma ƙannenmu na nan zaune suna kallon fuskar da muka nuna.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure, malamaina su gyara mini. Kawu kuma, na san za a kai masa labari kafin in isa gida.